TAKARDUN ƘIDAYA DA NEMAN ASALI: A INA AKA RUBUTA SUNAN TALAKA?



An nemi mu yi bayani a kan tsofaffin takardun ƙidayar jama'a, da yadda mai neman asalin gidansu zai iya kaiwa gare su. Da jin wannan take wani zai ce ai wannan zancen tsofaffi ne da maroƙa, ina ruwan ɗalibin jami'a ko matashin akawu da shi? To, ruwansu a ciki shi ne, waɗanda za su riƙe mabuɗan ɗakunan ajiyar takardun ƙasar nan shekaru talatin masu zuwa suna zaune a cikin wannan zaure, kuma su ne za su yanke shawarar abin da za a adana da abin da za a bar wa gara.

Kowace takardar ƙidaya tana ɗauke da abu biyu. Akwai adadi, watau mutum nawa ne a gida kaza, a gari kaza, a jiha kaza. Akwai kuma suna, watau su wane ne waɗannan mutane, wa ya haifi wa, shekarun kowa nawa, a ina aka haife shi, da wace sana'a yake ci. Adadi shi gwamnati ke bukata nan take, domin da shi ake raba kujerun majalisa da kuɗin baitulmalin tarayya. Suna kuwa, da zarar an gama lissafi gwamnati ta gama da shi. Amfaninsa ba ya bayyana sai bayan mai shi ya daɗe a ƙasa, jikansa ko tattaɓa-kunnensa ya tashi yana tambayar daga ina aka fito.

Mu a Nijeriya mun fi shekara sittin muna tayar da jijiyoyin wuya a kan adadi. Ƙidayar 1962 soke ta aka yi. Aka sake wata a 1963, ta ba da mutum miliyan 55.6, Arewa ta tashi da miliyan 29.8, Gwamnatin Jihar Gabas ta Dokta Michael Okpara ta ƙi amincewa har ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron maganar. Ta 1973 ta ce mun kai miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975 jim kaɗan bayan hawansa mulki. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, Kano na da 9.4, Ikko na da 9.1, gwamnatin Ikko ta ce sam ba ta yarda ba. Wadda aka shirya yi a watan Mayu 2023 kuwa aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. A cikin duk wannan hayaniya da wuya ka ji wani ya miƙe a majalisa, ko ya rubuta a jarida, yana tambayar inda za a ajiye takardun da aka cika gida gida, waɗanda ke ɗauke da sunayen mutane.

Bari mu leƙa wasu ƙasashe mu ga yadda suka yi da nasu, don mu san abin da ake nufi in an ce buɗe takardun ƙidaya. A Ingila tun daga ƙidayar 1841 ake rubuta sunan kowane mutum na cikin gida, kuma ana rufe takardun har shekara ɗari kafin a bar kowa ya gani. Ta 1921 a watan Janairu 2022 aka buɗe ta. A Amurka wa'adin shekara 72 ne, saboda haka ta 1950 aka buɗe ta ranar 1 ga Afrilu 2022. Mutum sai ya zauna gaban kwamfuta, ya buga sunan kakansa, ya same shi yana yaro ɗan shekara shida a gidan wani mai haƙar kwal, ga sunan uwarsa, ga na yayyensa, ga ƙauyen da uban ya baro. Hikimar wa'adin a fili take: muddin waɗanda aka ƙidaya suna raye asirinsu a rufe yake, in sun shuɗe takardar ta zama ta zuriyarsu.

Su ma ba su tsira daga asara ba. Mafi yawan takardun ƙidayar Amurka ta 1890 gobara ta lalata su a birnin Washintan a watan Janairu 1921. Na Ingila na 1931 sun ƙone ƙurmus a watan Disamba 1942. A ƙasar Ailan, na 1821 zuwa 1851 sun tafi a 1922 lokacin da yaƙin basasa ya ci gidan ajiyar takardu na birnin Dabilin, na 1861 zuwa 1891 kuwa hukuma ce da kanta ta riga ta hallaka su. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kwafi ɗaya ne tak, a gini ɗaya. Amma abin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na baƙaƙen fatar Amurka. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an lissafa bayi ƙarƙashin sunan ubangijinsu, an rubuta shekarunsu da jinsinsu da launin fatarsu, ba a rubuta sunayensu ba. Sai a 1870, bayan an 'yanta su, suka fara bayyana da suna. Har yau mai neman asali daga cikinsu in ya kai 1870 yakan tarar hanya ta toshe.

To, mu ma an ƙidaya kakanninmu ba tare da an damu da sunayensu ba. Ƙidayar 1921, wadda ita ce ta farko bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, ta ba da fiye da mutum miliyan 18, ta 1931 ta ba da kusan miliyan 20, amma mafi yawan waɗannan alƙaluma daga lissafin haraji aka tsamo su. A 1931 Ikko ce da wasu garuruwa da ƙauyuka ƙalilan aka bi gida gida. Turawa suna tsoro, domin a 1929 yunƙurin ƙirga mata da dabbobi a garin Oloko shi ya tayar da boren matan Aba, tun da kowa ya san ƙirga ita ce ke share wa haraji hanya. Daga bayanan 1921 ne C. K. Meek ya rubuta littafinsa a kan ƙabilun Arewa wanda aka buga a 1925. Littafi ne na ƙabilu da al'adu, ba ka samun Malam wane ɗan wane a ciki. A 1941 ba a yi ƙidaya ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Ta 1952 ta ba Arewa mutum miliyan 16.8, aka buga sakamakonta lardi lardi. Waɗannan littattafai suna da amfani ga mai bincike, gama za su nuna masa ƙauyensu yana nan a wannan shekara, ga yawan mazansa da matansa, ga gundumar da yake ƙarƙashinta. Iyakarsu ke nan.

Saboda haka in wani daga cikinmu yana tsammanin zai je Kaduna ya ce a ba shi takardar ƙidayar gidansu ta zamanin Turawa kamar yadda Bature ke yi a Landan, gara ya sauya shawara tun daga nan. Sarakuna suna da nasu. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. Gidajen malamai suna da silsilarsu a cikin gafaka. Talaka kuwa hukuma ba ta rubuta sunansa sai in tana bin sa kuɗi, ko ya shiga gaban alƙali. A waɗannan wurare biyu za mu neme shi.

Na farko shi ne littafin haraji. Tun daga dokar haraji ta Lugga ta 1906, kowace shekara dagaci da masu unguwanninsa, tare da malamin haraji, sukan bi gari su rubuta magidanta da samarin da suka isa biya. Jerin yakan tafi ofishin hakimi, jimla ta wuce baitulmalin En'e. Wannan ita ce ƙidayarmu ta haƙiƙa, kuma ta fi ta Turai ta fuska ɗaya, domin ana yin ta duk shekara, tasu kuwa sai bayan shekara goma. Wanda ya sami jerin ƙauye ɗaya na shekaru goma a jere zai ga ranar da sunan uba ya ɓace na ɗa ya maye gurbinsa, zai ga lokacin da gandu ya rabu 'yan'uwa suka zama magidanta daban daban, zai ga shekarar da mutanen unguwa guda suka watse. A ƙasar Kano kuma an yi tsarin taki, inda malamai ke auna gona da ƙafa su rubuta sunan mai ita. Kada kuma a raina ɗan rasidin haraji. Mutanen da ba sa wasa da shi, domin matafiyi in an tare shi a hanya shi ake fara tambaya, don haka a gidaje da yawa har yanzu akwai tsohuwar adaka ko gwangwani da irin waɗannan takardu a ciki, ɗauke da suna da gari da shekara.

Sai dai littafin haraji yana da aibinsa, kuma wajibi ne mai bincike ya san shi. Mata da yara galibi adadinsu kawai ake sawa. Tsofaffi da makafi da kutare ba sa biya. Kuma mutane ɓuya suke yi: saurayin da gemu ya fara tsiro masa a tura shi wajen dangi har malamin haraji ya wuce, Bafillace ya kora shanunsa daji ko ya ƙetare iyaka kafin a zo ƙirgar jangali. Rashin ganin sunan kakanka a jerin wata shekara ba hujja ba ce cewa ba ya garin. Mai yiwuwa ne wayo ya fi malamin.

Na biyu shi ne littafin alƙali, kuma a ganinmu ya fi kowace takarda daraja ga mai neman asali. Dalili kuwa shi ne gado. Shari'a ba ta yarda a raba dukiyar mamaci ba sai an lissafa magada duka, saboda haka a nan ne ake samun sunan matan aure, da 'ya'ya mata, da uwa in tana raye, kowa da rabonsa. Shari'ar gona da ta gida da ta aure su ma sukan jawo a ambaci kakanni da maƙwabta da shaidu. Wanda yake son ya ɗanɗani irin abin da ke ciki ya nemi aikin Allan Christelow na 1994, inda ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Mafi yawan waɗannan littattafai da Larabci suke, da rubutun hannu irin na malamanmu. Ga aiki nan ga 'yan'uwanmu na sashen Larabci, waɗanda wasu ke yi wa kallon masu karatun da ba shi da kasuwa.

Akwai kuma rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta sa'ad da suke zagayen kimanta haraji, da littattafan gunduma da ake ajiyewa a ofishin lardi. A ciki akan sami wanda ya sari gari, daga ina ya zo, jerin dagatai, kasuwanni, marina, maƙera. Amma a karanta su da hattara, domin abin da Bature ya rubuta abin da tafinta ya gaya masa ne, tafinta kuma abin da dagaci yake so a ji ya faɗa.

Yanzu sai matsalar suna, wadda takan karya gwiwar mai bincike tun ranar farko. Mu ba mu gaji sunan iyali irin na Turawa ba. Muhammadu ɗan Abdullahi zai haifi Abdullahi ɗan Muhammadu, kuma a ƙauye ɗaya ana iya samun irinsu goma. Wanda aka raɗa wa Abubakar gari ya san shi da Garba ko Habu ko Buba. Wani kuma ba a taɓa kiran sa da sunan yanka ba, Tanko ne ko Ɗanladi ko Dogo har ya mutu. Makarantar boko ta zo ta liƙa wa yara sunan garinsu, abin da ya ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari, ya kuma sa wa da ƙane suka tashi da sunaye daban in an yi ƙaura tsakanin shigarsu makaranta. Bature ya rubuta Muhammadu yadda kunnensa ya ji, yau Mohamadu gobe Momodu. Sa'an nan ga alkunya: tsohuwar da ka dogara da ita ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, sai ka nemo wata ta faɗa maka. Shekaru ma haka. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwa, sai dai a ce an haife shi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, watau 1911, ko lokacin yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, ko shekarar zuwan Sarauniya, 1956. Malaman ƙidaya su kansu da irin wannan jerin abubuwan tarihi suke kimanta shekarun mutane.

Don haka kafin ɗalibi ya kashe kuɗin mota, ya fara da gida. Ya yi amfani da hutun nan ya zauna da tsofaffi, musamman mata, gama su ne ke riƙe da zaren aure da haihuwa. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954, ya san yawan abin da tsohuwa ɗaya ke ɗauke da shi a ka. Ya tambayi sunan yanka da laƙabi, da unguwa, da ƙauye, da gundumar da ƙauyen yake ciki a zamanin En'e, da sunan dagacin lokacin. Takardun an jera su ne bisa lardi da gunduma, ba bisa sunan mutum ba, kuma wanda bai san gundumarsa ta da ba zai yi ta lalube ne a banza.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Mai tona asali ba shi ke zaɓen abin da zai tarar ba. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba a haramta bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan dubban mutane sun fanshi kansu ta hanyar murgu ko alƙali ya 'yanta su, kuma an rubuta su a rajista, da sunansu da ƙabilarsu da sunan wanda ya mallake su. Waɗannan rajistoci suna Kaduna, masana irin su Lovejoy da Hogendorn sun yi aiki da su. Mu sani cewa a ƙasar nan har yanzu kalma ɗaya a kan asali tana iya rushe baiko. Ra'ayinmu shi ne, mutum yana da haƙƙin sanin nasa, kuma wanda ya tarar kakarsa an kamo ta daga wani dutse tana yarinya ta yi murgu ta fanshi kanta, ya sami abin alfahari. Amma ba shi da haƙƙin ɗaukar na maƙwabcinsa ya kai dandali. Duk dokar da za a yi ta buɗe takardu tilas ta yi la'akari da wannan.

Wasu daga cikinmu kuma zaren gidansu ya ƙetare iyaka, domin layin da Ingila da Faransa suka ja ya ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Daura da Damagaram. Irin waɗannan suna da sa'a ta wani fanni, gama Faransawa a ƙidayarsu ta haraji sukan rubuta iyali da sunaye, kuma takardun mulkinsu sun rabu tsakanin Yamai da Dakar da garin Ekis na kudancin Faransa. Waɗanda danginsu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, suka wuce bayan yaƙin Burmi na 1903, sai su nemi labarinsu a Mai Wurno ta bakin Kogin Nilu a Sudan.

A nan gida, babbar ma'ajiya ita ce Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda Dokta Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, reshensa na Arewa yana Kaduna. Fayilolin Sakatariyar Arewa suna ƙarƙashin alamar SNP, na larduna kuma kowanne da tasa, kamar KANPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato. Dokar gidan ta 1992 ta ba jama'a damar duba takardun da suka kai shekara 25. Akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wani shiri na Babban Laburaren Birtaniya na ceton takardun da ke cikin haɗari ya ɗauki hoton wasu daga cikin na Kano da Kaduna ya sa a intanet kyauta.

Amma abin da ya isa waɗannan gidaje galibi takardun Razdan ne da na Sakatariya. Jerin sunayen masu biyan haraji da littattafan ƙananan alƙalai a hannun En'e suke, kuma En'e ta sha juyi. An karɓe kotuna daga hannunta bayan 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta, aka soke jangali a 1975, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji a Kano da Kaduna a 1979. Soke haraji alheri ne ga talaka, ba mai musun wannan, sai dai daga ranar littafin ya zama abin da ba mai nema. Aka yi ta ƙirƙiro jihohi, Katsina a 1987, Jigawa a 1991, ana raba motoci da kujeru da ma'aikata, tsofaffin takardu kuwa a tura su sito ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Dukanmu mun taɓa sayen ƙosai ko tsire a naɗe cikin takarda mai tambarin hukuma. Ku da za a tura ƙananan hukumomi da ofisoshin hakimai da kotuna, in kun tarar da irin wannan sito, ku hana a ƙone, ku ɗaga takardun daga ƙasa, ku rubuta jerin abin da ke ciki, ku sanar da gidan adana takardu a rubuce, ku ajiye kwafin wasiƙar a fayil.

Game da ƙidayoyin zamaninmu kuwa, a 1991 da 2006 an bi gida gida an rubuta sunayen mutane, kuma doka ta hana Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa bayyana bayanin wani mutum. Wannan daidai ne, domin in ba a rufe asiri ba ba wanda zai faɗi gaskiya ga malamin ƙidaya. Abin da muke nema shi ne a sa wa sirrin wa'adi, kuma a wajabta adanawa. Muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta rubuta wa Majalisar Tarayya da Hukumar Ƙidaya a kan abu uku: hukumar ta bayyana wa jama'a halin da takardun 1991 da 2006 suke ciki, a miƙa su, ko hotunansu, ga gidan adana takardu, kwafi biyu a garuruwa biyu, a kuma ƙayyade shekarar buɗewa a cikin doka. In ana tsoron mutane za su ƙi ba da haɗin kai, akwai hanyar da Ostareliya ta bi. Su da can hallaka takardun suke yi bayan lissafi, amma daga 2001 suka sa tambaya a kan takardar, wanda ya yarda a ajiye tasa har shekara 99 ya sa alama, fiye da rabin mutanen ƙasar kuwa suka yarda. Ƙidayar da aka ɗage a 2023 da na'urorin hannu aka shirya yin ta, watau babu ma takardar da wani zai tsinta a sito bayan shekara hamsin. In dokar ba ta ce a adana sunayen ba, kuma ba ta ɗora wa wani ofishi nauyin sauya musu mazubi duk lokacin da na'ura ta tsufa ba, danna maɓalli ɗaya ya isa ya shafe su.

In aka ɗauki wa'adin Amurka, takardun 1991 za a buɗe su a 2063, na 2006 a 2078. In aka ɗauki na Ingila, sai 2091 da 2106. Mu mun fi karkata ga shekara ɗari, saboda maganar asali da muka ambata ɗazu, da kuma yadda mutanenmu ke ƙyamar a san cikin gidansu.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.